SHARHI: Yaro ya ci BAC, sai ina? Jami'a ko kaki?

Duk shekara, idan damina ta kankama aka karanta sakamakon BAC, gidajen da Allah ya ba sa'a sukan yi kwana biyu ana guɗa, ana rabon goro da alewa. Kwana na uku guɗa ta ƙare, shawara ta fara. Guɗar kam tana da hujja. Shekara 13 ke nan uwa na cire kuɗin kaye da bik daga cikin ribar tumatir, tun yaro yana ajin CI har ya kai tarminal. Kuma BAC a ƙasar nan ba a rabonta kyauta. A 2021, cikin ɗalibai 100 da suka zauna jarrabawar, waɗanda suka haye ba su kai 25 ba. To, yaro ya haye. Sai ina?

A zamanin iyayenmu amsar guda ce. A ɗaure masa akwati, a sa shi mota zuwa Yamai, ya yi jami'a, ya fito a ba shi biro da kujera. Yau amsa ta biyu ta shigo gida, kuma ta shigo da ƙarfinta, wato kaki. A ƙarshen 2020 ministan tsaro na wancan lokaci, Issoufou Katambé, ya faɗa wa majalisar dokoki cewa ana son ninka sojojin ƙasa daga dubu 25 zuwa dubu 50 cikin shekara biyar. Tun daga nan ƙofar bariki ta buɗe fiye da yadda muka saba gani. Ga soja, ga jandarma, ga gardi. Duk wanda ke riƙe da shirin kiran waya a gidan rediyo ya san tambayar da ta fi yawa a wannan lokaci na shekara, kuma ya san mata ne suka fi yin ta.

Mu a wannan shafi ba mu da ikon zaɓar wa ɗan kowa hanya. Amma muna da magana guda da muke so ta shiga kunnen Alhazai da Hajiyoyin kasuwa. Kada ku bari talauci ya zama shi ne mai yanke shawara a gidanku a wannan al'amari. Yaron da ya sa kaki don yana so, ya kuma san abin da ke ciki, ba ɗaya yake da yaron da aka tura don albashin ƙarshen wata ba.

Mu fara da lissafin da ake yi a rumfa, don ba lissafin banza ba ne. Ɗan kasuwa yana duba jari, yana duba ranar da jarin zai dawo. Ɗalibi ci yake yi. Kuɗin rajista, kuɗin haya idan bai samu ɗaki a kampus ba, kuɗin takardu, kuɗin kabu-kabu, kuɗin mota duk hutu. Kowane wata sai an je Nita ko Al Izza an aika masa wani abu. Soja kuwa, da zarar ya gama horo, shi ke aikowa. Gwamnati ce ke tufatar da shi, ita ke duba lafiyarsa, idan ya kai shekarun ritaya akwai fansho. A ƙasar da mafi ƙanƙantar albashi bai wuce jika 42 ba, kuma mafi yawan mutane ko shi ba su samu, wa zai zargi uwar da ta ce ita dai ta ga abin da ya fi kusa da hannu? Ballantana bayan shekarun da kasuwa ta sha wuya: Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Jari da yawa sun karye a waɗannan shekaru, daga Maraɗi har Birnin Ƙonni, kuma jarin da ya karye ba ya ɗaukar ɗalibi.

Jami'a ma ba za mu yi mata kwalliya ba. A takarda, lisans shekara uku ce, mastar biyu. A zahiri, duk wanda ya ajiye ɗa a can ya san shekara uku takan zama huɗu, wani lokaci biyar, saboda yajin aikin malamai, yajin ɗalibai, da shekarar karatu da ke hawa kan ƴar uwarta. Bursu ba kowa ke samu ba, hukumar ANAB tana duba maki tana duba shekaru, kuma wanda ya samu ma ya san mene ne jira. Azuzuwa cike suke. Bayan an gama, ga sabis sibik na shekara biyu, daga nan kuma sai addu'a. Mun ga masu lisans suna koyarwa a matsayin ƴan kontiragi, mun ga masu mastar a kan babur suna neman fasinja a tashar mota. Yaron da ke zaune a fada yana shan shayi yana ganin yayansa haka, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Duk da haka akwai abin da ya sauya, kuma iyaye da yawa ba su sa shi cikin lissafi ba. Da, jami'ar gwamnati guda ce a ƙasar nan, ta Yamai, wadda aka sa wa sunan Abdou Moumouni, masanin da ya ba da rayuwarsa ga binciken hasken rana. A 2010 Maraɗi, Damagaram da Tawa suka samu nasu, a 2014 Agadas, Difa, Doso da Tilaberi suka biyo baya. Ɗan Maraɗi yana iya karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya kwana a ɗakin gidansu, ya ci tuwon uwarsa, ranar da babu darasi ya tsare rumfa. Haka ɗan Damagaram a jami'ar André Salifou, haka ɗan Tawa a ta Djibo Hamani. Wannan kaɗai ya zubar da kaso mai yawa na nauyin da ake jin tsoro. Akwai kuma sassan koyon fasaha, su IUT, inda karatun ya fi kusa da sana'ar hannu da harkar kuɗi. Ɗiyar da ta koyi lissafin kanti a can, ko ba ta samu biro ba, ta fi ƙarfin a cuce ta a duwan ko a banki, kuma rumfar gidansu ce za ta fara amfana.

Yanzu sai mu juya ga kaki, kuma a nan za mu daɗe, don a nan ne lissafin rumfa yake barin wani abu a baya.

Soja na yau ba sojan fareti ba ne. Akwai lokacin da aikin soja a wurin mutane da yawa shi ne gadin ofis da maci ranar 3 ga Agusta da ranar 18 ga Disamba. Wannan lokaci ya wuce. A Afrilu 2015, a tsibirin Karamga cikin tafkin Cadi, sojoji 46 suka kwanta dama. Ranar 10 ga Disamba 2019, a Inates, 71. Wata guda bayan haka, ranar 9 ga Janairu 2020, a Shinagodar, 89. Ba mu kawo waɗannan alƙaluma don mu tsorata kowa ba. Mun kawo su ne don kowane ɗaya daga cikinsu ɗan wata ne, kuma akwai wadda ta yi guɗa ranar da aka ɗauke shi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Wanda zai sa hannu a takardar shiga soja, da wanda zai ce masa je ka, ya kamata su biyun su san sunayen garuruwan nan.

Abu na biyu da ba a cika faɗa wa yara ba: ƙofar shiga tana da faɗi, ta fita ƙunci gare ta. Ɗalibin da ya ga karatun shari'a bai karɓe shi ba, yana iya sauya fanni ko ya tattara kayansa ya komo gida, iyakarta a yi masa faɗa. Ɗan kasuwar da atamfa ta ƙi shi yana iya komawa sayar da takalmi. Soja ba shi da wannan. Ya sa hannu na shekaru, inda aka tura shi nan zai je, ko Dirku ko Gigimi ko Ayoru. Ba ya yajin aiki, ba ya da ƙungiyar ƙwadago. Idan ya ajiye bindiga ya tafi, sunansa wanda ya gudu daga aiki, kuma kotun soja ce ke jiransa bisa dokar shari'ar soja ta 2003. Ranar sunan ɗansa, ranar jana'izar uwarsa, sai da izini. Yaron da ya shiga da zuciyarsa yakan ɗauki wannan nauyi, har ya yi alfahari da shi. Wanda aka tura don buhun shinkafa fa? Shi ne wanda dare zai yi masa tsawo a bakin daga, kuma abokan da ke kwance kusa da shi rayuwarsu tana hannunsa.

Kada wani ya karanta wannan ya ce jarida ta hana yara aikin soja. Ko kusa. Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin kuɗin rashin tsaro. Ku tambayi mutanen Difa abin da ya samu cinikin tattasai da kifi bayan dokar ta-ɓaci ta 2015. Ku tambayi mutanen Madarumfa da Gidan Rumji yadda ɓarayin shanu da masu satar mutane suka hana zuwa kasuwar ƙauye, har sai da aka kafa rundunar Farautar Bushiya. Da aka rufe hanyar Kwatano a 2023, kayan da suka biyo ta Lome da Burkina da rakiyar soja suka iso Yamai. Shinkafar da kuka sayar a lokacin, ɗan wani ne ya tsare ta a hanya. Ƙasa tana bukatar soja, kuma tana bukatar soja mai ilimi, wanda zai iya karanta taswira, ya sarrafa na'ura, ya bambanta makiyayi da ɗan ta'adda. Idan duk masu hali suka tura nasu Maroko, Turkiyya da Dakar, aka bar ɗan manomi da ɗan mai ƙosai su kaɗai a gaba, wannan ma rashin adalci ne, kuma za mu ci gaba da faɗin haka.

To amma ga inda muke ganin ana asara, asarar da ɗan kasuwa bai kamata ya yarda da ita ba. Soja ba ƙofa guda gare shi ba. Akwai ƙofar kurtu, wadda ba ta bukatar BAC. Akwai makarantar ƙananan hafsoshi ta Agadas, wadda aka fi sani da ENSOA, inda mai BAC ke shiga ta hanyar konkur ya fito da galon sarjan. Akwai kuma makarantar hafsoshi da ke Yamai, inda farar hula ke shiga da takardar jami'a, bisa yadda aka saba lisans, ya fito a matakin farko na hafsa. Tsakanin waɗannan ƙofofi uku akwai bambancin albashi, bambancin girma, bambancin fansho, har da bambancin irin gidan da mutum zai aje iyalinsa. Yaron da ya sha wahalar shekara 13 ya ci BAC, sannan aka gaggauta shi ya shiga layin kurtu don kawai an ji sanarwar ɗauka a wannan mako, kamar wanda ya kai albasar Galmi kasuwa ne ya sayar da ita a farashin ruɓaɓɓiya. Gaskiya ne a cikin soja ma ana hawa ta hanyar jarrabawa, kuma wasu sun hau, amma matakalar tana da tsawo.

Wannan yana nufin cewa tambayar jami'a ko kaki, sau da yawa, an yi ta ne a karkace. Yaron da ke son kaki da gaske kuma kansa yana ja, jami'a tana iya zame masa hanyar shiga bariki ta babbar ƙofa. Soja yana da likitoci, yana da injiniyoyin da ke gina hanya da gada, yana da matuƙa jirgi da masu gyaransa, yana da masu shari'a da masu kula da kuɗi. Duk waɗannan karatu ne. Abin da za a sa wa ido shi ne shekaru, don kowane konkur yana da iyakar shekarunsa, kuma yaron da ya ci BAC a makare ba shi da lokacin da ƙaninsa yake da shi. A nan kam sai a zauna da takardar haihuwa a ƙidaya. Mai shekara 18 yana iya yin lisans ya tarar da ƙofa a buɗe. Wanda ya girme shi da shekara huɗu ko biyar, watakila Agadas ce ta fi masa. A ƙidaya da gaskiya, ban da zuwa a sake takarda a rage shekaru, don ranar da asiri ya tonu, kaki da diplom duka suna iya salwanta.

Sai maganar masu hanya. Duk lokacin ɗaukar soja sukan fito kamar cinnaka bayan ruwa. Wannan ya san wani kanar, wancan ƙanin matar wani komanda ne, a kawo jika ɗari biyu, a kawo ɗari uku, sunan yaro zai fito. Hajiya ta kwashe zubin adashe, ko ta ci bashi a asusun Mata Masu Dubara, ta miƙa. Idan suna bai fito ba, babu rasit, babu shaida, babu bakin kai ƙara tunda ita ma ta san ba hanyar gaskiya ta bi ba. Idan kuma ya fito, sau da yawa da ma zai fito ko ba a ba da ko dala ba. Mafi muni shi ne a saya wa yaro mai ciwon zuciya ko mai asma takardar awon likita. Horon Tondibiya ba ya karanta takardar da aka saya. Awon nan an yi shi ne don ya tsare ran yaron, wanda ya tsallake shi da kuɗi, ɗansa ya cuta.

Akwai kuma mafarkin da ba a faɗi da baki, amma yana nan a fada. Ƙasar nan ta ga juyin mulki a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Yara sun taso suna jin labarin Seyni Kountché, sun ga Tandja Mamadou wanda ya yi perfe a Maraɗi da Tawa da kakinsa kafin ya zama shugaban ƙasa ta hanyar zaɓe, sun ga masu galo a kujerar gwamna da ta minista. Sai wani ya ɗauka kaki gajeriyar hanya ce ta zuwa mulki da babbar mota. A faɗa masa gaskiya. Cikin dubban da ke sa kaki, masu kai wa ga waɗannan kujeru ba su cika rumfa guda ba. Sauran aikinsu rana ne, da ƙura, da sintiri, da nisa da gida.

Ɗiya mata ma maganar ta shafe su, don ana ɗaukarsu a soja, a jandarma, a ƴan sanda, kuma suna riƙe aikin. Sai dai a gidaje da yawa ɗiyar da ta ci BAC ba a ma tambayarta jami'a ko kaki, tambayar da ake yi ita ce yaushe za a sa rana. Wannan sharhi ne na wata rana, amma mun ajiye shi a nan don kada a ce mun manta.

Hukuma ma tana da nata kaso, kuma ba ƙarami ba ne. Idan bursu na zuwa a kan lokaci, idan shekarar karatu na farawa ta ƙare a watannin da aka sani, rabin yaran da ke gudu daga jami'a ba za su gudu ba. Idan kuma ana son iyaye su ba da ƴaƴansu da zuciya ɗaya, to a nuna musu cewa ran yaran yana da daraja. Ba mu manta da binciken ma'aikatar tsaro na 2020 ba, wanda rahotonsa na farko ya yi maganar miliyar 76 na sefa da suka bi ta hanyar da ba ta dace ba wajen sayen kayan yaƙi, a daidai shekarun da ake binne samari. Matar da mijinta ya faɗi a bakin daga bai kamata ta yi shekara tana yawo da dosiye daga biro zuwa biro ba. Kuma tunda a 2025 an ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, muna roƙon ma'aikatar tsaro da ta ilimi mai zurfi su riƙa fitar da sanarwar kowane konkur da Hausa da sauran harsunanmu, a rediyo, da sharuɗɗanta, da ranar rufewa, da abin da doka ta ce a biya. Uwar da ta ji sharuɗɗan da kunnenta, mai hanya ba zai samu abin sayar mata ba.

Kafin hukuma ta motsa, ga abin da ke hannun iyaye a wannan mako. Kada a yi shawarar a gaban taro, don yaro ba zai iya cewa a'a ba idan baba ya riga ya yi magana a zaure. A sa kawu ko gwaggo, wanda yaron ya saba sakin jiki da shi, ya ja shi gefe ya tambaye shi abin da yake so da dalilinsa. Idan dalilin shi ne tausayin inna da ganin jari ya karye, to a gane cewa ba kaki yake so ba, taimako yake so ya yi, kuma a nemi wata dabara. A kai shi wurin tsohon soja na unguwa, wanda ya yi Difa ko Tilaberi, su yi hira babu kowa. A kai shi wurin ɗalibin da ke shekarar ƙarshe, shi ma ya faɗa masa nasa. Sannan a haɗa takardu tun yanzu, don hanyoyin biyu kusan abu guda suke nema: takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, shaidar cin BAC da takardar maki, hotuna. Masu neman kaki su ƙara da kaziye daga kotu, su kuma tuna cewa ita wannan takarda wata uku kawai take aiki, don haka ba a karɓo ta sai an ji ranar ajiye dosiye.